Tiren da Kowa Ya Ƙi

Tun da likita ta ce 'yata Nilda ba za ta ƙara cin alkama ba na zama mai karatun bayan leda a shago. Ni direban ƙaramar bas ne a El Alto, garinmu na can saman duwatsu, karatuna bai yi nisa ba, amma kalmar alkama ina gane ta ko da an rubuta ta ƙanana kamar ƙwan kwarkwata. Likitar ba cewa ta yi a rage ba. Cewa ta yi ko ƙurar fulawa kada ta shiga cikin yarinyar. Na kuma ga abin da ke faruwa idan ta shiga: 'yar shekara goma ta naɗe a kan gado, hannu biyu a ciki, ba makaranta, ba magana.

Sai ga Todos Santos, bikin tunawa da mamata, ya matso. Ranar nan kuwa ta burodi ce daga farko har ƙarshe. Kowane gida zai shirya wa mamatansa teburi kafin tsakar rana, a jera burodi mai siffar mutum da na doki da na tsani, da biskit kala-kala. Da an yi haka sai yara su rataya jaka su bi gida-gida suna yi wa mamatan addu'a, ana zuba musu burodi da biskit. Yayata Basilia ta riga ta gasa burodin teburin mahaifiyarmu. Abin da ya rage mini shi ne Nilda.

"Bana ba zan fita ba," ta ce mini muna cin dankali.

"Saboda me?"

"In yi ta addu'a har maƙogwarona ya bushe, sannan in zauna ina kallon 'ya'yan Goggo Basilia suna tauna? Papi, ni ma ina da hankali."

"Za ki fita. Zan yi miki naki biskit ɗin, in suna ci ke ma ki ci."

Ta ɗago ta dube ni. "Kai za ka yi?"

"Ni."

"Kai da shinkafarka take fitowa a dunƙule kamar bulo?"

Na ce ta ci abincinta. Amma na riga na faɗa, kuma ta ji.

Matata Leandra tana São Paulo, can Brazil, tana ɗinki. Da na gaya mata sai ta turo saƙon murya, ƙarar kekunan ɗinki na tashi a bayanta. Ta ce wata maƙwabciyarta 'yar Brazil ta koya mata wani biskit da babu fulawa a ciki ko kaɗan: sitacin masara, madarar gwangwani mai kauri, da bota. "Abu uku ne kawai, Nicasio. Ko kai ba za ka iya ɓata shi ba. Ka yi ta zuba sitaci har sai kwaɓin ya daina manne wa hannu."

Na tambaye ta yaya kamanninsa yake, don ban taɓa ganinsa ba. Ta ce fari ne, ƙarami, da shaidar cokali mai yatsu a kansa, in ka sa a baki sai ya narke. Na ce ta turo hoto. Ta ce sun cinye.

Ana gobe bikin na dawo da motar da wuri na fara. Botar ta daskare da sanyi kamar sabulun wanki, cokali ya ƙi shiga, sai na narkar da ita a wuta. Na zuba madara, na zuba sitaci. Abin ya zama yashi, in na dunƙula sai ya watse. Na ƙara madara, ya zama kunu. Na ƙara sitaci, ya koma yashi. Haka muka yi ta yi da shi har kwanon ya yi mana kaɗan na juye a bahon wanki sabo. Mai shagon layinmu ta ce ba a taɓa yin biskit babu hodar tashi mai sa kwaɓi ya kumbura ba, don haka na sayo, na karanta bayanta sau biyu, na zuba. Can dai kwaɓin ya tsaya a tsakani. Yana manne wa hannuna na dama, ba ya manne wa na hagu. Na ce shi ke nan, an raba.

Saura gashi. Murhun gas ɗinmu yana da obin a ƙasa, kyautar biki ce daga kawun Leandra, kuma tun ranar da aka shigo da shi ba a taɓa kunna obin ɗin ba. Wa ke kunna obin? Nan ake ajiye tukwane. Na durƙusa na fito da kaskon suya, da tukunyar miya, da murafan da tukwanensu suka daɗe da mutuwa, da injin niƙa da ya lalace, da man suyar da Leandra ta ce za a sake amfani da shi. Na leƙa na ga wayam. Na sa Nilda ta fita tsakar gida, na buɗe taga, na kunna ashana ina kawar da fuska.

Ya kama lafiya lau. Har na fara jin kaina wani ne.

Ba a jima ba wani wari ya taso, irin na taya in an ƙona ta a titi ranar zanga-zanga. Ashe a ƙarƙashin obin ɗin akwai wata 'yar durowa da ban san da ita ba, nan Leandra take tara ledoji da murafan roba. Kafin in kashe gas baƙin hayaƙi ya cika ɗaki, roba ta narke ta bi ƙarfe ta manne. Biskit ɗin ko launi bai sauya ba, amma warinsa kaɗai ya isa ya kwantar da mai lafiya. Na zubar.

Nilda ta leƙo ta taga tana toshe hanci. "Papi, ba komai. Dama na ce ba zan fita ba."

Da ma ta yi mini dariya da ya fi mini sauƙi.

Kwaɓi dai akwai shi, bahon bai ko yi rabi ba. Washegari da sassafe na lulluɓe shi da zane mai tsabta na sa a mota na nufi tanderun Don Hilarión, inda duk unguwa ke kai gashinta a wannan makon. Layi ya fito har titi. Mata da kwanduna, maza da buhuna, ko'ina fari fat da fulawa, a ƙasa, a bango, har a girar mutane. Wurin da ya kamata in guje wa ke nan a duk faɗin garin, ga shi na kawo kaina.

Tirensa duk iri ɗaya ne, baƙaƙe, sun sha wuta. Na ɗauki ɗaya na kai famfo na dirje shi da sabulu, na ɗauraye, na sake dirjewa har yatsuna suka mutu da sanyi.

"Maestro," in ji Don Hilarión daga bakin tanderu, don haka ake kiran direba a nan, "tiren nan tun zamanin mahaifina bai ga ruwa ba. Daɗin kake wankewa."

Aka yi dariya. Na matsa kusa na gaya masa matsalar Nilda. Sai ya daina murmushi, ya goge gumi da gefen riga.

"'Yar siririyar nan mai kitso biyu? To. Zan sa maka shi can ƙurya shi kaɗai, nesa da burodi. In ya fito in ɗora shi a saman katako, inda babu abin da zai zubo masa. Ka dai yi masa alama."

Haka ake yi. Kowa yakan tsinki ɗan kwaɓi ya yi alamarsa a kusurwar tire, wani zobe, wani gicciye, wani tsuntsu, don in sun fito kowa ya gane nasa. Na mulmula nawa ƙanana a waje, a kan kujerar mota, na danna kowanne da cokali mai yatsu yadda Leandra ta ce. A kusurwa na yi harafin farko na sunan Nilda da kwaɓin, babba, yadda ko makaho zai shafa ya gane. Na miƙa da hannuna, na ga shigarsa da idona.

Na yi niyyar tsayawa a wurin har ya fito. Amma wata motar rake ta zo ta tarar na tare mata hanya, direban ya kwanta a kan ham. Na fita in matsar, sai na tarar babu wurin tsayawa sai can bayan kasuwa. Kafin in dawo a ƙafa an fitar da zubin da nawa ke ciki, an zuba wani.

Na bi katakan ina duba kusurwa. Ga zobe, ga gicciye, ga tsuntsu. Harafina babu shi ko'ina. Na sake bi daga ɗaya ƙarshen. Babu.

Sai na hango tire biyu gefe da gefe, babu alama a kansu. Biskit ƙanana, farare, kowanne da shaidar cokali mai yatsu. Zuciyata ta yi sanyi. Na kai hannu ke nan sai wani hannu ya riga ni, mai zobba.

"Sannu, maƙwabci. Ina za ka da maisiyona?"

Doña Eulogia ce, mai sayar da barguna a kasuwa, da hularta a karkace. Maisiyo kuwa biskit ɗin masara ne da ake yi wa teburin mamata, kowa ya san shi.

"Doña, ɗaya nawa ne."

"Wanne?"

Na duba na hagu, na duba na dama. "Ban sani ba."

"Mutum bai san abin da ya haifa ba?"

"Ban taɓa ganinsa a gashe ba. Ina alamarki?"

"Ni ba na alama. Duk unguwar nan an san hannuna. Kai ina taka?"

"Na yi. Ta ɓace."

"Alama ta ɓace." Ta juya ga matan da ke layi. "Kun ji, alamarsa ta fita shan iska."

Na ce mata ta taimake ni, tire nawa ta kawo? Ta ce surukarta ce ta kawo tun da asuba ta koma gida. "Ta ce mini biyu. Ko kuwa cewa ta yi biyu da na burodi? Yarinyar nan magana take yi kamar tana tsoron kada haƙoranta su zube."

"Akwai fulawa a naki?"

"Rabi da rabi mana. In babu fulawa me zai riƙe shi?"

Na gaya mata dalilin tambayar. Ta gyara hula, ta ce to a ɗanɗana, ai harshe ba ya ƙarya. Ta ɗauki na hagu ta tauna, ta ɗauki na dama ta tauna. Ta ce na hagu nata ne tabbas. Ta ƙara ɗaya ta ce a'a, na dama. Ni ma na ci. Duk biyun zaƙi, duk biyun suna narkewa, ko kuwa ni ne nake son su narke. Wata mata a layi ta ce a ba ta, ita ta san fulawa tun daga ƙamshi. Ta ci ta ce na dama babu fulawa. Ƙawarta ta ci ta ce duk biyun akwai. Wani tsoho da ba a tambaye shi ba ya ci daga kowanne ya ce shi dai gishiri ne bai ji ba. Tire ya fara raguwa.

"Ku dakata haka nan," in ji Doña Eulogia. "Mijina marigayi zai zo ya tarar da teburi babu komai, ku kuwa kun ƙoshi."

Na ɗauki hoto na tura wa Leandra. Ta kira nan take.

"Na hagun ya yi kama."

"Kin tabbata?"

"Ko na daman. Hoton ya yi duhu. Nicasio, ta yaya mutum zai kasa gane abin da ya kwaɓa da hannunsa?"

"Ke da kika ci shi ma kin kasa."

"Ni a nan na ci, a can komai daban yake fitowa. Ga mai shagon ɗinkin nan, sai anjima."

Doña Eulogia ta dube ni, ta dubi tiren. "Ɗauki na hagun, maƙwabci. Yarinya ce. Ko nawa ne na bar mata."

Na ɗauka. Da ɗuminsa, da kyaunsa, jere reras. Na ga yadda fuskar Nilda za ta yi in na shiga da shi. Har na taka zuwa ƙofa. A nan na tsaya, mutane na ture ni da kwanduna, don na tuna matar nan ba ta gane ba. Ba maganar na wa ne ba ce. Idan nata ne, gobe 'yata tana kan gado, kuma ni ne na sa mata a jaka da hannuna.

Na dawo na ajiye shi inda na ɗauka.

"Ba zan iya ba, Doña."

Na je na tsaya bayan Don Hilarión har ya gama jawo burodin da ke wuta da dogon katakonsa. Da ya juyo na ce masa na rasa tirena.

"Naka? Ai yana sama, inda na ce maka."

Ya miƙa hannu ya sauko da shi. Na gan shi tun dawowata, har na ji tausayin mai shi. Abu ɗaya ne shimfiɗe daga wannan gefe zuwa wancan, kamar an zuba kwalta mai ruwan ƙasa, gefensa ya ƙone, tsakiyarsa duk ƙananan ramuka. Babu biskit, babu shaidar cokali, babu harafi. Duk sun narke sun haɗe.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Naka ne, maestro."

"Nawa ƙanana ne. Na jera su da tazara."

"Haka suka shiga. Ina kallonsu suka kumbura kamar kwaɗi, sannan suka zube suka kama hannun juna. Tun da nake aikin nan babu wanda ya taɓa kawo mini kwaɓi mai gudu sai kai. Shi kaɗai na sa a ƙurya, shi kaɗai na ɗora a sama. Babu abin da ya taɓa shi."

Na tambaye shi me ya jawo. Ya ce tudu ne, girkin mutanen bakin teku ba ya jin maganar kowa a nan sama. Doña Eulogia ta ce ba tudu ba ne, hannun namiji ne, zafi gare shi. Matar da ta san fulawa daga ƙamshi ta ce hodar tashi ce. Ƙawarta ta ce rashinta ne. Tsohon ya ƙwanƙwasa abin da ɗan yatsa, ya yi ƙara kamar kwanon rufi, ya ce in ba na so shi yana da taga da ta fashe. Har yau ban san wanda ya fi gaskiya ba.

Na lulluɓe shi da zanen na kai gida. Basilia tana jera teburi, ta leƙa ƙarƙashin zanen, ta buɗe baki, na ce mata kada ta fara. Nilda tana zaune a bakin gado da kayan gida, ko takalmi ba ta sa ba. Na ajiye tiren a gabanta na yaye.

Ta daɗe tana kallo.

"Mene ne wannan?"

"Biskit ɗinki."

"Guda ɗaya?"

"Babba ne."

Ba ta yi dariya ba. Ta sunkuya ta shinshina. "Ka wanke tiren?"

"Da sabulu. Har aka yi mini dariya."

"Kusa da burodi aka gasa?"

"A ƙurya, shi kaɗai."

"Ka tabbata naka ne, ko kana zato?"

Wannan ita ce tambayar da take yi mini a kan kowane abinci, kuma ban taɓa ce mata na tabbata ba alhali zato nake yi. Na dubi abin nan mai kama da kwalta.

"Na tabbata. Duk El Alto babu wanda zai iya yin wannan sai ni."

Na kira Leandra na nuna mata ta waya. Ta ce wannan ba abin da ta koya mini ba ne, kuma bota na narkar, ko? Na ce sanyi ne. Ta ce a bar gefe-gefen, a ba ta tsakiya. Na kawo wuƙa da taɓarya na fasa shi, ya tarwatse kamar gilashi. Na ware na tsakiya, na goge kowane yanki da tsumma mai tsabta, ciki da baya, duk da na san babu komai a kai.

Nilda ta ɗauki ɗaya ta sa a haƙoran gefe. Ya yi ƙaras.

"Yaya cikinki?"

"Papi, ban haɗiye ba tukuna."

Ta tauna, ta haɗiye, ta ɗauki wani. A waje aka fara harba knockout na tsakar rana, alamar mamatan sun iso, Basilia ta kunna kyandir a gaban hoton mahaifiyarmu.

"Da tauri," in ji Nilda. "Amma kamar alewar madara. Yaya sunansa in an tambaye ni?"

"Ki ce na Brazil ne."

Ta tashi ta nemo takalmanta. Na zuba mata gutsattsarin a robar abincin makaranta mai murfi, na ɗaure a leda, na rataya mata a kafaɗar dama. Jakar karɓar burodi a hagu. Na ce kada su haɗu, kada ta sa hannun da ta karɓi burodi a roba sai ta goge, ga tsumma a aljihu, kuma in ta ji ko motsi a cikinta ta dawo.

"Na ji. Kada ka biyo ni."

"Me zai sa in bi ki?"

Suka fita da 'ya'yan Basilia. Na ba su tazarar layi ɗaya sannan na fito. Na tsaya a bayan wata mota ina hango su sun shiga gida na farko, na ji muryoyinsu suna jan addu'a, suka fito da jakunkuna sun ɗan yi nauyi. Suka zauna a bakin kwalbati kowa ya ciro nasa. Nilda ta goge hannu da tsumman, ta kwance ledar, ta buɗe roba. Wani daga cikinsu ya miƙo hannu, ta buge shi.

Na san in ciwon zai zo ba yanzu zai zo ba, sai can da yamma ko gobe. Don haka na ci gaba da tsayuwa a bayan motar, ina kallon hannunta ko zai tafi ciki. Suka tashi suka nufi gida na biyu, ni ma na matsa.